Faranti Ba Ya Sallah

Har yau idan na hau rufin wani na ga tabon filaya a jikin noti, raina kan ɓaci tun kafin in san wanda ya yi aikin. Masu gida sukan ɗauka zafin kwano ne ya sa nake tsaki. Ba kwano ba ne. Baffana nake tunawa, da abin da ya yi mana a shekarar da Inna ta tafi aikin Hajji.

Sana'ata kafa parabol, wato farantin kama tashoshin tauraron ɗan'adam. A New Bell ta birnin Douala aka haife ni, a unguwar Hausawa, kuma a wajen Baba na koya. Shi da gyaran rediyo ya fara a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa, ya koma talabijin, da faranti ya shigo Douala ya koma hawa rufi. Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Mu uku ne mata, ni ce babba, ni ce kuma mai taurin kai. Tun ina riƙe masa tsani har ta kai ni ce a sama, shi yana ƙasa yana daka mini tsawa. Mutanen unguwa sun yi surutu har bakinsu ya gaji. Da suka ga hoton da na kafa ba ya gudu a damina, sai surutun ya koma “a kira 'yar mai rediyo”.

Ranar farko da ya yarda in taɓa sifana, sai da ya zaunar da ni, ya ɗauko lemu ya zagaye cikinsa da zare. Ya ce lemun nan duniya ce, zaren kuma ɗamararta. Can saman ɗamarar, nisan kilomita wajen dubu talatin da shida, taurarin talabijin suke jere, kowanne da mazauninsa. Gudu suke yi, amma zagaye ɗaya suke yi a kwana guda, daidai da juyawar duniya, shi ya sa mu a ƙasa muke ganin kamar an kafe su da ƙusa. Tashar da ke Makka ba ta biyo hamada da daji ta kawo mana hoto. Sama take harba shi, tauraro ya karɓa ya watso ƙasa. Mu kuma a Douala dab muke da ɗamarar, don haka farantinmu ɗaga kai yake yi sosai, kamar kwanon da aka ajiye tarar ruwan sama.

Kafin saƙon ya sauko daga wannan nisa ya gama galabaita. Faranti ne ke tattara ɗan abin da ya rage ya tura shi cikin kai, wato ɗan gwangwanin nan da ke bakin sanda a gabansa. Goce wa saiti da faɗin yatsa ya isa ya zubar da rabin abin da aka tara. Ruwan sama ma yana cin nasa kason a hanya, ruwan Douala kuwa ba ya cin kaɗan. Saboda haka mai sana'a ba ya tsayawa inda hoto ya fito. Yana ci gaba da lallaɓa faranti har layin inganci a dekoda ya kai iyakar abin da zai iya, domin rarar da ke sama ita ce abincin damina. Hoton zamani munafuki ne. Da rara da babu rara, tas yake fitowa idan gari ya yi wasai, sai hadari ya haɗu ake sanin wanda ya yi aiki. Baba ya nanata mini magana ɗaya har na haddace: “Hoto ba shaida ba ne. Duba layi.”

A shekarar da nake magana, Baba da Inna tare suka yi niyyar sauke farali. Sun yi shekaru suna shiri. Saura wata biyu a tashi, Baba ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi ta bar masa kalmomi 'yan kaɗan: “to”, “a'a”, “Allah”, da wasu da sai ya yi kokawa kafin su fito. Hankalinsa kuwa yana nan garau, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙona masa rai. Inna ta ce ta fasa tafiya. Ya yi ta dukan katifa da hannunsa mai lafiya yana “a'a, a'a” har ta yi kuka ta yarda.

Ita ce ta kawo maganar lema. Baba yana da wata tsohuwar baƙar lema da yake hawa rufi da ita, ta yage a gefe, Inna ta taɓa yi mata faci da ƙyallen atamfa ruwan lemu mai faɗin faifai. Ta zauna a gefen gadonsa ta ce za ta tafi da ita. Ranar Arfa, daga ƙarfe huɗu zuwa biyar na can, wato biyu zuwa uku namu, za ta je gindin Dutsen Rahama inda masu ɗaukar hoto suka fi haskawa, ta ɗaga lemar tana juya ta.

“Kai dai ka zuba ido a tele, Malam,” in ji ta. “Duk inda ka ga facin nan, ni ce, kuma kai nake wa addu'a.”

Ni na san abin da wuya. Mutane ne kamar ƙasa a wurin, lemomi kuma babu iyaka. Amma na ga fuskar Baba a lokacin, rabin da ke motsi ya yi dariya karo na farko tun faɗuwarsa, sai na haɗiye abin da ke bakina. Na san kuma Arfa za ta faɗo tsakiyar damina. Na cire ƙaramin farantinmu na kafa babba, irin wanda sai mutum biyu sun ɗaga. Na yi wuni guda a kan rufi ina lallaɓa shi har layi ya kusa cika, na huda 'yar ƙofa a tsakiyarsa don kada ruwa ya kwanta, na ɗaure notina da sifana daidai bakinsu, sannan na ja jan fenti daga wuyan faranti zuwa turken ƙarfe don ko iska ta taɓa shi in gane. Irinsa sak na kafa wa wani maƙwabcinmu tela a ƙetaren titi a makon. Na sauko na kunna, na nuna wa Baba layin. Ya dube shi ya daɗe, ya ce “to”. A wajen Baba wannan “to” ɗin shi ne yabo, ban taɓa samun wanda ya fi shi ba.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baffa ɗan ƙanin kakanmu ne, shekararsa biyu da zuwa daga Kano yana sayar da shadda a kasuwa, Baba ya ba shi ɗakin ƙofar gida. Lokacin da Baba ke kan ƙafarsa, Baffa ba ya wuce gaisuwa da cin tuwo. Da Baba ya kwanta, Inna ta tafi, sai mutumin nan ya wayi gari shi ne mai gida. Komai namu bai yi masa ba. Hausarmu ta sha ruwan teku, in ji shi, tunda muna cusa Faransanci muna ce wa mace “ya zo”. Miyarmu ta cika manja. Liman ɗinmu yana sauri. Mace a kan rufi kuwa, wannan alamar tashin duniya ce. Yana da wata dadduma mai kamfas a jiki, da ita yake bi ɗaki ɗaki yana gyara mana alƙibla, mu da kakanmu ya yi sallah a gidan nan tun Baffa bai san hanyar tasha ba.

Saura mako guda Arfa aka yi wani ruwa mai iska da la'asar, irin wanda ke kwashe kwanon mutane. Muna ɗakin Baba ana nuna ɗawafi. Hoto ya farfashe, ya tsaya, bai kai minti biyu ba ya dawo. Ni daɗi ma na ji, don na san a ruwa irin wannan rabin unguwa allo baƙi suke kallo. Baffa kuwa ya gyara zama.

“Na faɗa a raina tun ranar da aka kafa abin nan,” in ji shi. “Ke 'yar nan, hoton nan daga ina yake zuwa?”

“Daga tauraro, Baffa.”

“Ban tambaye ki tauraro ba. Ka'abar nan da muke gani, a ina take?”

“A Makka.”

“Madalla. To na auna da kamfas. Alƙibla ga ta nan, farantinki kuma ya karkace ya koma wajen kudu, ya ɗaga hanci sama kamar mai girman kai. Yaya za a yi ki kauce wa Makka ki ce za ki kama Makka? Ba dole ya riƙa yankewa ba?”

Da na yi haƙuri na ɗauko lemu da zare, wataƙila da ba a kai inda aka kai ba. Amma ni 'yar ubana ce, kuma na gaji da mutumin nan har wuya.

“Mais Baffa, faranti ba ya sallah,” na ce. “Ba ruwansa da alƙibla. Inda tauraro yake nan yake kallo. Ku bar wa masu aiki aikinsu, pardon.”

Ƙanwata ta toshe baki ta fice. Baffa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce ni ba rimi nake hawa ba, rufi ne, kuma daga can ina hango abin da ke gabana sarai. Na san na yi rashin kunya. Ban janye ba a lokacin, kuma gaskiya ko yanzu rabin maganar kawai zan janye.

Saura kwana biyu Arfa na tafi unguwar Makèpè tun da safe, aiki a wani sabon bene mai gida shida kowa yana son nasa farantin kafin sallah. Ƙanwata da ke jinyar Baba da rana ta tafi cefanen sallah, Baffa ya ce ta je abinta, shi zai zauna da ɗan'uwansa. Abin da ya faru a bayanmu daga baya na ji shi. Ya kira abokansa biyu 'yan kasuwa, suka jingina tsanina, suka hau da dadduma mai kamfas da filaya da guduma. Suka kwance notina, suka kama sandar da ke riƙe da kai suka murɗa faranti har ya fuskanci alƙibla daidai wa daida. Hoto ya ɗauke ɗif. A can babu komai sai sarari, ko tauraro ɗaya ba ya zama a wajen. Da suka ga haka ido ya raina fata, suka yi ta jan shi baya suna leƙowa ta taga, har hoto ya dawo. Suna ganin Ka'aba ta fito suka ɗaure da filaya, suka buga da guduma don ya zauna, suka sauko suka yi alkawarin rufa wa juna asiri. Duk wannan a saman kan Baba aka yi shi. Yana kwance yana jin takunsu a kwano, yana ganin hoto na tafiya yana dawowa, shi da ya fi kowa a New Bell sanin ma'anar abin da yake ji.

Na dawo dab da magariba a kan benskin, wato acaɓa, jikina duk ciwo. Na leƙa ɗakinsa, tele na kunne, hoto tas. Yana ganina ya fara ɗaga hannu yana nuna rufi, yana “a'a, a'a”, bakinsa na rawa. Na ɗauka hadarin da ke haɗuwa yake tsoro.

“Kada ka damu, Baba,” na ce. “Ko ruwan Annabi Nuhu aka yi, namu ba zai gudu ba. Ga shi kana gani.”

Ya kama gefen zanena ya ja, ya sake nuna sama, ya nuna dekoda. Na gyara masa matashi, na ce ya huta, na fita wanka. Telekomand, wato rimot, yana kan tebur, taku biyu daga inda na tsaya. Danna maɓalli ɗaya ya isa ya nuna mini layin ya zube ƙasa da rabi. Washegari ma haka ya yi ta nuni, ni kuma ina ta fama da ragon layya da masu kira a waya. Na kalli hoto na yarda da shi, ni da aka rena da cewa hoto ba shaida ba ne. Idan ina zagin Baffa a raina, a nan nake tsayawa in ɗebi nawa kason.

Ranar Arfa kowa na azumi. Tun hantsi muka yi wa Baba wanka, muka sa masa farar riga da hula, muka jingina shi da matasai uku, na matso da tele kusa da gadon don idonsa ya rage ƙarfi. Aka nuna huɗuba, aka nuna sallah, aka shiga nuna filin, fararen kaya iya ganinka. Baba ko ƙiftawa ba ya son yi. Baffa ya shigo da carbinsa ya zauna a kujerar Inna yana mana bayanin abin da muke gani da idonmu.

Ƙarfe ɗaya da rabi gari ya yi duhu ta wajen kogi. Ragon da ke ɗaure a tsakar gida ya fara kuka. Yayyafi ya fara sauka a kwano, yayyafi kawai, wanda ko yaro ba zai gudu saboda shi ba, sai na ga fuskar wani alhaji a allo ta rabe gida-gida. Na ɗauki telekomand na danna. Layin da na bari ya kusa cika yana can ƙasa yana rawa. Kafin in buɗe baki ruwa ya kece, allo ya yi baƙi, rubutun nan na “babu sinyal” ya fito yana yawo. Ƙarfe biyu saura kwata.

Na waiga na dubi Baba. Ba tele yake kallo ba, ni yake kallo. Bai yi nuni ba, bai ce “a'a” ba. A nan na gane abin da ya kwana biyu yana gaya mini.

Na ɗauki jakar kayan aiki na fita cikin ruwan. Ƙanwata tana ihu wai tsawa za ta kashe ni. Kwano ya yi santsi, da rarrafe na isa. Jan fentina ya rabu biyu, na wuya daban, na turke daban, tsakaninsu yatsu uku. Na ce da sauƙi, in mayar da shi kan alama. Na sa sifana, ta zame. Na sake sawa, ta zame. Filaya ta cinye kusurwoyin notin duka sun zama kamar ƙwallon goro, guduma kuma ta lotsa bakin zaren ƙarfen da notin ke bi. Na yi ta fama da ɗan zarto har na yanke guda biyu, na juya faranti ya hau alama, na ɗaure da waya. Na buga kwano da ƙafa, ƙanwata ta leƙo ta taga ta girgiza kai. Sai a lokacin na lura da sandar kai. Da ita suka ja faranti, ta lanƙwashe, kai yana kallon gefe maimakon tsakiya. Duk abin da faranti ya tara a banza yake zubewa. Miƙe sanda kuma a daidaita ta sai da sinyal a hannu, sinyal kuwa ruwa ya cinye wanda zan auna da shi.

Daga inda nake ina hango tagar tela a ƙetaren titi. Hasken tele ɗinsa na motsi. Farantin da na kafa masa, ɗan'uwan namu, yana tsaye cikin ruwan nan yana aikinsa. Na yi tunanin mu ɗauki Baba mu kai shi can. Na dubi titi, kwata ta cika ta haɗe da hanya, ruwa baƙi yana gudu da robobi da shara ya kai cinyar mutum. Wanda ya san New Bell ya san ba a shiga wannan da marar lafiya a hannu. Ƙanwata ta gwada nemo hoton a waya, da'ira ta yi ta juyawa a allo ba ta kawo komai ba.

Na zauna a kan rufi ruwa na dukana, ina miƙe sanda da gwiwa, ina kuka ina zagi da duk harshen da na iya. Sai wajen uku da rabi ruwa ya sassauta. Layi ya ɗan motsa, na bi shi a hankali, hoto ya dawo ƙarfe huɗu saura. A can rana ta yi ƙasa, mutane sun fara haramar tashi. Lokacin Inna ya wuce da kusan awa guda.

Na sauko jina-jina, tafin hannuna ya yanke. Baffa yana zaure ya fake. Na zube guntayen notin a gabansa.

“Wa ya hau rufina?”

“Ke, da wa kike magana haka?”

“Da wanda ya hau rufina da filaya. Wa ya hau?”

Ya kau da kai ya ce ai gyara suka so yi, don Allah suka yi, kuma da gyaran bai yi ba sun mayar da shi yadda yake, hoto ma ya dawo, kowa shaida ne. Na ce yadda yake? C'est pas possible! Na ce ko ya san ɗan'uwansa wata biyu yana ƙirga kwanakin awa ɗayan nan? Ko ya san akwai tsohuwa a tsakiyar rana a wata ƙasa ta ɗaga hannu sama saboda mutumin da ke kwance a ɗakin can? Da ya zo ya ce mini “na taɓa”, minti goma ya ishe ni jiya, rana tsaka, in gyara. Abin da ya hana shi kawai kada ya sunkuyar da kai gaban mace.

Ya ja carbinsa ya ce, “Haka Allah ya ƙaddara. Ruwa na Allah ne.”

Wannan ita ce maganar da har gobe ba ta fita daga raina ba. Ruwa na Allah ne, na yarda, kuma saboda ruwan Allah na wuni a kan kwano na tara rara. Filaya kuwa ta Baffa ce. Na gaya masa haka, na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta ba, ina azumi, ranar Arfa, har maƙwabta suka leƙo. Daga baya dattawan unguwa suka zo suka ce in ba shi haƙuri don shi babba ne. Babu wanda ya ce shi ya ba Baba haƙuri. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji masu magana, amma a gidanmu wanda ya ja ruwan yana zaure a bushe.

Na shiga ɗakin Baba ban iya haɗa ido da shi ba. Hoto na nan tas, ana nuna motoci da mutane suna barin fili. Har aka yi magariba a can idonsa na kan allo yana bin kowace baƙar lema. Na durƙusa na ce, “Baba, ban duba layi ba.” Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan mako uku Inna ta dawo. Gida ya cika, ana ta barka da sauka, ana rabon dabino da zamzam a ƙananan kofuna. Baffa yana gaba-gaba da sabuwar shadda, shi ke cewa wane ya shigo wane ya jira. Inna ta rame ta yi baƙi, muryarta ta dushe. Ba ta tsaya kowa ba sai gefen gadon Baba. Ta buɗe jaka ta fito da lemar, rana ta koɗar da facin ya koma fari-fari.

“Malam, na je,” in ji ta. “Da ƙyar na kutsa, har takalmina ɗaya ya tafi. Na ɗaga ta tun huɗu. Da hannun nan ya gaji na koma wannan. Wata 'yar Garwa ta ce Hajiya sauke ki huta, na ce a'a, maigidana yana kallo. Ban sauke ba sai biyar ta wuce, don na ce ko agogonku ya yi latti. Kwana uku ban iya ɗaga kofi ba.” Ta yi dariya tana share ido. “Ka gani kuwa?”

Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Baffa ya tsaya da dabino a hannu. Ni ina bakin ƙofa, kuma na riga na buɗe baki zan faɗi komai, da sunan wanda ya yi da irin filayar da ya yi da ita. Baba ya dube ni, kallo ɗaya, irin wanda yake mini daga ƙasan tsani idan zan taka inda ba daidai ba. Sannan ya juya wajen Inna, ya yi ta kokawa da bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi.

“Na… gani,” ya ce.

Inna ta kifa fuska a kan lemar tana hamdala. Mata suka ɗauki kabbara. Baffa ma ya ce “Allahu Akbar”, ya jefa dabinon a baki.

Ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba sai ranar, mutumin da in rediyonka ba zai gyaru ba zai ce maka ba zai gyaru ba ko da kuka za ka yi. Kalmomin da suka rage masa a duniya ba su kai goma ba, muka sa ya kashe biyu a kan wannan, ni da Baffa. Ko na'urar ɗaukar hoto ta haska lemar a awa ɗayan nan, ban sani ba. Tela ya ce shi bai lura ba, yana ta ɗinkin sallah. Baba ya rasu a damina ta gaba. Inna har yau tana ba jikokinta labarin yadda kakansu ya hango ta daga Douala a cikin dubban mutane, ni kuma idan ta fara sai in tashi in ce zan duba faranti.